Sikala, Ƙofar Tsibirin Batmusa

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin ƙarshe na Littafi Mai Tsarki ya ci karo da sunan Batmusa. Sau ɗaya tak aka ambace shi, a sura ta fari aya ta tara ta Ru'ya ta Yohanna, wadda wani juyi ke kira Wahayin Yahaya. Amma da yake masu wa'azi suna yawan kiran sunan, yara da dama a makarantar Lahadi sun ɗauka Batmusa wani wuri ne irin na mafarki, ko kuwa wanda ya shuɗe tuntuni kamar Saduma. To, ba haka ba ne. Tsibirin yana nan daram cikin Tekun Ijiyan, a ƙasar Girka, mutanensa suna ce da shi Patmos. Akwai makaranta, da gidan waya, da ofishin 'yan sanda, da masu gasa burodi. A wannan wata muna so mu zaga da masu karatu cikin ɗan garin da ke bakin ruwansa, watau Sikala, sa'an nan mu hau tudun da ke bisansa.

Tsibirin ƙarami ne ƙwarai. Girmansa duka bai wuce murabba'in mil 13 ba, tsawonsa kuwa daga arewa zuwa kudu bai kai mil 8 ba. Mazaunansa mutum 3,000 ne da 'yan kai, watau wani ƙauyen namu mai kasuwar mako ya fi shi jama'a. Gaɓar ƙasar Turkiyya tana gabas da shi, kamar mil 40. Babu filin jirgin sama, dole sai ta ruwa. Babban jirgin fito daga Firiyas, tashar jiragen ruwa ta birnin Atina, yakan yi awa bakwai ko takwas, sau da yawa kuwa da tsakar dare yake isowa. Mu ta tsibirin Samos muka bi cikin ƙaramin jirgi, da rana tsaka, wannan kuwa ya fi, gama mutum yana ganin abin da ke gabansa. Manzo Bulus ma ya ratsa waɗannan ruwaye a kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 20 da 21 suka nuna: ya taɓa Samos, ya tsaya a Militas, ya wuce Kos.

Tun daga nesa abin da ido ke fara kamawa shi ne wata baƙar ganuwa a kan tudu, fararen gidaje sun kewaye ta kamar farin rawani a kan baƙar hula. Wannan shi ne gidan zuhudu na Yohanna da tsohon garin Hora. Sai jirgi ya kusa, ya shiga wani dogon lungu na teku mai kwanciyar ruwa, sa'an nan Sikala ta bayyana a ƙasa.

Garin bakin ruwa

Kalmar sikala da Helenanci tana nufin tsani, ko matakalar da ake sauka daga jirgi. Sunan ya dace da garin, domin kome da kowa ta nan yake shiga: baƙo, da buhun gari, da siminti, da wasiƙa, da gawar ɗan gari da ya rasu a ƙasar waje. Garin yana zaune ne a kan wani siririn wuya na ƙasa da ya haɗa arewacin tsibirin da kudancinsa. In ka bar kwata ka bi ta bayan gidaje, cikin minti goma ka fito wata gaɓar dabam inda ake kallon faɗuwar rana.

A bakin kwata akwai wani babban gini mai hasumiya da bakuna, wanda bai yi kama da sauran gidajen ba. Italiyawa ne suka gina shi a zamanin mulkinsu, za mu zo ga labarinsu. Bayansa akwai ɗan dandali inda tsofaffi ke zama da safe suna shan gahawa cikin ƙananan kofuna suna jan carbin hannu, wanda ba na addu'a ba ne, na ɗebe kewa ne kawai. Masunta suna gyaran taru a gefen jiragensu masu launi, kyanwoyi kuwa sun yi layi suna jiran rabo. A ƙofar gidajen abinci akan shanya wani naman ruwa mai hannuwa takwas a kan igiya kamar wanki. Mun ɗanɗana shi gasasshe. Wasunmu sun ƙara, wasu kuwa suka ce a ba su kifi. Abin da kowa ya yaba shi ne wata waina ta cuku da ƙwai da mutanen Batmusa suka shahara da ita, da wani ɗan ƙunshin alkaki mai zuma da 'ya'yan itace a ciki, wanda ake rabawa a wurin biki.

Abin mamaki, Sikala da ta fi ko'ina jama'a yau ita ce ƙanwa a cikin garuruwan tsibirin. Shekaru ɗaruruwa ba wanda ke yarda ya kwana a bakin ruwa. 'Yan fashin teku sukan auko da dare su kwashe dukiya, su kama mutane su kai kasuwar bayi. Saboda haka rumbuna da ɗakunan ajiya kaɗai ke ƙasa. Da la'asar ta yi sai kowa ya kulle ya hau tudu, ya kwana a gindin ganuwa. Dattawanmu na kan dutse, waɗanda kakanninsu suka yi noma a kwari suna kwana a bisa saboda mahara, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Sai a ƙarni na 19, da fashin teku ya ja baya, jiragen tururi kuma suka fara zuwa, mutane suka sauko da iyalansu suka gina gidaje a gaɓa.

Duk da haka wurin ya riga Hora ganin mutane. A kan wani tudu da ke bayan Sikala, wanda ake kira Kasteli, har yanzu ana ganin gindin ganuwar garin da ke nan tun kafin haihuwar Almasihu. Nan ne muke so mu gyara wani abu da muka sha ji a bagade.

Yohanna a Batmusa

An sha cewa Batmusa kufai ne a zamanin Yohanna, ba kowa sai macizai da fursunoni masu fasa dutse cikin ramin ma'adinai da sarƙa a ƙafa. Masu tonon kayan tarihi ba su sami irin wannan rami ba. Abin da suka samu shi ne rubuce-rubuce a kan duwatsu, masu nuna cewa akwai gari mai filin wasannin samari, da haikalin gunkiyar nan Artimis, wadda maƙeran azurfa na Afisa suka ta da tarzoma dominta. Tsibirin yana ƙarƙashin birnin Militas ne, yana tsaron hanyar jiragensa. Romawa kuwa suna da al'adar kawar da mutumin da suke gani zai ta da ƙura: ba lalle su kashe shi ba, sai su aika da shi wani tsibiri, su hana shi fita. Teku ita ce katangar kurkukun.

A ganinmu wannan bai rage wahalar Yohanna ba ko kaɗan. Ga tsoho, makiyayin jama'a, an raba shi da garkensa a lokacin da suka fi bukatarsa, an ajiye shi a tsakiyar masu bautar gunki. Kowace safiya yana ganin jirage suna tashi zuwa gabas, inda ikilisiyoyin nan bakwai suke, watau Afisa, da Samirna, da Birgamas, da Tayatira, da Sardisu, da Filadalfiya, da Lawudikiya, amma shi ba dama ya shiga ko ɗaya. Ya san an riga an kashe Antibas a Birgamas, bai san wa zai bi ba. Shi da kansa ya faɗi dalilin zamansa a can: saboda maganar Allah ne da shaidar Yesu.

Iraniyus, wanda ya yi bishop a Liyon cikin ƙasar Faransa ta yau, ya rubuta wajen shekara ta 180 cewa an ga ru'yar ne gab da ƙarshen mulkin Kaisar Domishiyan. Shi Iraniyus yana yaro ya saurari Folikaf na Samirna, Folikaf kuwa ya zauna a gaban Yohanna. Domishiyan ya yi sarauta daga shekara ta 81 zuwa 96, marubutan Roma kuma sun ce yana son a kira shi ubangiji da allah. A zamaninsa aka keɓe wani babban haikali a Afisa domin girmama gidan sarautarsa. Shi ya sa ake lissafta zuwan Yohanna Batmusa wajen shekara ta 95. Da aka kashe Domishiyan a 96, magajinsa Narba ya saki waɗanda aka kora, tarihin Ikilisiya kuma ya ce Yohanna ya koma Afisa ya ƙarasa kwanakinsa a can.

Wanda ya kwana biyu a Sikala zai karanta littafin da sabon kunne. An ambaci teku a cikinsa fiye da sau ashirin. Muryar da aka kwatanta da ƙugin ruwa mai yawa, mun ji irinta a daren da iskar arewa ta taso, raƙuman ruwa suna dukan duwatsu har barci ya gagara. A sura ta 21 kuma, inda aka nuna masa sabuwar sama da sabuwar duniya, cikin abubuwan da ya fara lura da su har da cewa teku ba ta nan. Mu 'yan tudu, da muke ɗokin ganin teku, mukan yi mamakin wannan aya. Amma ga wanda teku ta raba shi da 'yan'uwansa, albishir ne. Muna da masu karatu da tashin hankali ya kora daga garuruwansu, suna zaune a sansani ko a gidan dangi, suna iya hango dutsen ƙauyensu amma ba halin komawa. Su sun fi mu sanin abin da ayar take faɗi.

A bakin ruwan Sikala akwai wasu 'yan duwatsu da aka kewaye da ƙarfe, an ce nan Yohanna ya yi wa mutanen farko baftisma. Cikin tashar kuma akwai wani dutse a ƙarƙashin ruwa da aka sa wa alama domin jirage, wai wani boka ne mai suna Kinof da ya yi jayayya da manzon, ya nitse ya zama dutse. Wannan labari ya fito ne daga wani littafi da aka rubuta wajen shekara 400 bayan zamanin manzanni, ba ya cikin Maganar Allah. Mun ji shi kamar yadda ake jin tatsuniya.

Kogon

Daga Sikala zuwa Hora mil biyu da rabi ne a mota, hanya tana ta murɗawa. Akwai kuma tsohuwar hanyar jakuna da aka shimfiɗa da duwatsu, tafiyar minti arba'in ga mai ƙarfin gwiwa. A tsakiyar hawan ne Kogon Ru'ya yake. Daga waje ba ka ganin kogo, sai farin gini mai ɗakuna da 'yan majami'u. Ana sauka matakala wajen arba'in kafin a kai. Ciki ba shi da girma, rufin dutsen ya yi ƙasa har dogon mutum sai ya sunkuya, ga ƙanshin lubban da hasken kyandir. Ana nuna wani ɗan gurbi da aka kewaye da azurfa, an ce nan yake sa kansa. Da wani inda yake dafawa in zai tashi. Da wani kanta a jikin dutsen inda almajirinsa Burokoras yake rubutu, shi wanda aka lissafta cikin mutum bakwai na Ayyukan Manzanni sura 6. A rufin akwai tsaga mai rassa uku, an ce muryar da ta yi magana ce ta tsaga shi.

Gaskiya ita ce, Littafi Mai Tsarki bai ambaci kogo ba, bai kuma ambaci Burokoras a Batmusa ba. Labarin kogon bai bayyana a rubuce ba sai ɗaruruwan shekaru bayan Yohanna. Mun ga mutane suna sumbatar dutsen, suna shafa shi suna shafa fuska, wannan kuwa ba al'adarmu ba ce, ba mu kuma yi ba. Amma ba mu fito muna raina kowa ba. Mun ga wata tsohuwa cikin baƙaƙen tufafi ta sauko matakalan nan da sanda, ɗaya bayan ɗaya, ta zauna a kan benci tana hawaye tana motsa leɓe. Wa zai ce ya san abin da ke tsakaninta da Ubangijinta? Mu muka nemi kusurwa, muka buɗe sura ta fari, kowa ya karanta a zuci. Ko a kogon nan ne, ko a gindin wani ɓaure, a kan wannan ɗan tsibiri dai aka ji maganar.

Wani abu da ya ba mu mamaki: Ikilisiyar Otodoks, wadda ke riƙon wannan wuri, ba ta sa Ru'ya ta Yohanna cikin jerin karatun sujadarta na shekara ba. Tana karɓar littafin a kan Maganar Allah ce, amma ikilisiyoyin gabas sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi a ƙarnukan farko, saboda yadda wasu ke murɗa fassararsa, jerin karatun kuwa ya kafu ba tare da shi ba. In muka tuna yawan waɗanda suka sa ranar tashin duniya a zamaninmu, ranar ta zo ta wuce, sai mu ce tsoron nasu ba na banza ba ne, ko da yake maganin muguwar fassara koyarwa ce, ba rufe littafi ba.

Ganuwa da littattafai

Bayan da Romawa suka karɓi bangaskiya, an gina babbar majami'a a kan tudun. Amma daga ƙarni na 7 hare-haren jiragen Larabawa suka yawaita, tsibirin ya zama kusan kango shekaru ɗaruruwa. A nan ne kwatancin masu wa'azinmu ya yi daidai, sai dai sun kai shi zamanin da ba nasa ba.

A shekara ta 1088 wani mai zuhudu da ake kira Kiristodulos, watau bawan Almasihu, ya je wurin Sarki Alaksiyus na Ɗaya a Kustantiniya, wadda ake kira Istambul yanzu. Yaƙi ya riga ya kore shi daga duwatsun da ke kusa da Militas. Ya mayar wa sarki filayen da yake da su a Kos, ya roƙa a ba shi wannan busasshen tsibiri a madadinsu. Sarki ya ba shi a rubuce, takardar kuwa tana nan har yau a gidan, tsawonta ya fi ƙafa huɗu. Kiristodulos ya fara gini a inda haikalin Artimis yake dā, amma bai ga ƙarshensa ba. Mahara suka sake korarsa, ya rasu a wani tsibiri dabam a 1093, almajiransa suka komo da ƙasusuwansa suka ci gaba da aikin.

Wanda ya ga gidan zai ce kagara ce ta soja. Tsayin ganuwar ya kai ƙafa 50, bisa ƙofar kuma akwai wata kafa da ake zubo wa mahara tafasasshen mai. A ciki kuwa ga tsakar gida mai rijiya, da majami'a mai zane-zane na ƙarni na 12, da ɗakin cin abinci mai dogayen tebura na dutse. Amma dukiyar gidan ta ainihi littattafai ce. Akwai kusan 1,000 rubutun hannu, fiye da 300 a kan fata. Wanda ya fi suna shi ne wani kofi na Bishara daga ƙarni na 6, wanda aka rina fatarsa da shunayya, aka yi rubutun da ruwan azurfa, sunayen Allah da na Yesu kuwa da ruwan zinariya. Warƙa 33 na Bisharar Markus suna Batmusa. 182 suna birnin Santa Bitrus na Rasha, sauran kuma sun warwatsu a Roma da London da Biyana da wasu wurare. Mun tsaya a gabansa muna tunanin hannun da ya zauna yana jan kowane baƙi, kamar yadda malaman ƙasarmu ke yi da alƙalamin kara, shekara 1,400 kafin a sayar mana da Littafi duka a kuɗin da bai kai na buhun masara ba.

Da fari Kiristodulos bai yarda iyalan magina su zauna kusa da gidan ba, can arewacin tsibirin aka ajiye su. Daga baya tsoron mahara ya sa aka bar su suka matso gindin ganuwa, haka Hora ta kafu. Lungunanta ƙunci gare su, suna karkacewa, wasu an rufe su da baka, da gangan aka yi domin baƙo mai mugun nufi ya ɓata. Ko mu masu kyakkyawan nufi sai da muka yi ta tambaya. 'Yan gudun hijira ne suka ƙara wa garin girma: wasu daga Kustantiniya da Turkawa suka ci ta a 1453, wasu daga tsibirin Karita a 1669, kowane rukuni da unguwarsa. A ƙarƙashin Turkawa gidan zuhudun yana biyan haraji a bar shi da sha'aninsa, mutanen gari kuma suka yi arziki da fataucin jirage. Ɓarna mafi muni ba daga Musulmi ta zo ba: a 1659 rundunar Banis, waɗanda ke kiran sunan Almasihu, ta washe garin ƙarƙashin jagorancin Morosini.

A 1713 wani dikin mai suna Makariyos Kalogeras ya buɗe makaranta kusa da kogon. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashe masu nisa, ta zama ɗaya daga cikin wuraren da suka riƙe harshen Helenanci da bangaskiya a zamanin mulkin baƙi. Imanuwel Santos, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa ƙungiyar asiri ta neman 'yancin Girka a 1814, ɗan Batmusa ne. Amma da Girka ta sami 'yanci, aka bar tsibirinsa a hannun Turkawa. Italiya ta ƙwace shi a 1912, Jamusawa suka karɓa a 1943, Ingilishi suka riƙe shi bayan yaƙi, sai a 1948 aka yi bikin haɗa shi da Girka.

Mai dashen itatuwa

Cikin mutanen Batmusa na kusa, wanda labarinsa ya fi kama zukatanmu shi ne Amfilokiyos Makris, wanda aka haifa a 1889 ya rasu a 1970. Ya shugabanci gidan zuhudun a lokacin da Italiyawa suke ƙoƙarin danne Helenanci a makarantu. Ya riƙa koyar da yara a ɓoye, har suka kore shi daga tsibirin na ɗan lokaci. Dubi yadda al'amari ke juyawa: wani an hukunta shi da kawo shi Batmusa, wani kuma da fitar da shi. A 1937 ya kafa gidan zuhudu na mata da ke kudu maso yamma da Hora. In manomi ya zo wurinsa ya furta zunubinsa, sai ya umarce shi ya dasa itace, da rani kuma ya bi gona gona ya ga ko ana ba shi ruwa. Gangaren da dā dutse ne tsirara, yau akwai inuwa. Mu ba mu gaskata itace yana biyan zunubi ba, jinin Almasihu ne kaɗai ke biya. Amma da kowane mai neman baftisma a ikilisiyoyinmu na arewa zai dasa darbejiya guda ya raine ta, da harabar majami'u da yawa ba ta zama fako ba.

Ruwa kuwa abu ne mai tsada a can. Damina tasu da sanyi take zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, rani kuma ba ɗigo. Tsofaffin gidaje duk suna da rijiyar tara ruwan rufi a ƙarƙashinsu. An daɗe ana kawo ƙari da jirgin ruwa, yanzu kuma akwai injunan da ke tace gishiri daga ruwan teku. A gefen Hora akwai injunan niƙa uku masu aiki da iska, biyu tun na 1588, ɗaya na 1863, waɗanda aka gyara a 2010.

Babban bikin shekara shi ne na makon shan wuyar Ubangiji. Ranar Alhamis da hantsi akan kafa dakali a dandalin Hora. Shugaban gidan zuhudu ya tuɓe rigunansa na ado, ya yi ɗamara da tawul, ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu a gaban jama'a, ana karanta Yohanna sura 13, kowa yana faɗin nasa kashi, har da gardamar Bitrus. Ranar Lahadin tashi daga matattu kuma da yamma akan karanta Bishara cikin harsuna dabam dabam, a raba jajayen ƙwai. Mai niyyar zuwa ya lura, lissafin Ista na Otodoks yakan saɓa da namu a yawancin shekaru. Ana kuma tunawa da Yohanna ran 8 ga Mayu da 26 ga Satumba.

Majalisar Girka ta ba Batmusa sunan tsibiri mai tsarki a 1981. A 1995 shugabannin ikilisiyoyi suka taru a can domin cikar shekara 1,900 da rubuta Ru'ya, a 1999 kuma hukumar UNESCO ta sa Hora da gidan zuhudun da kogon cikin kayan gadon duniya. Suna ya jawo kasuwa. Da bazara manyan jiragen yawon shaƙatawa sukan tsaya a bakin Sikala, su juye mutum dubbai, a kwashe su a bas zuwa kogo, a ba su 'yan mintoci, a mayar da su jirgi kafin magariba. Attajiran Turai sun saye tsofaffin gidajen Hora da yawa, har saurayi ɗan gari da ke son aure ba ya iya sayen ɗaki a unguwar kakansa. Masu son wanka a teku suna da wurare: Lambi mai tsakuwa kala kala, wadda aka hana ɗiba, da Girikos inda wani ƙaton dutse yake mai ramummukan da masu kaɗaita suka zauna a ciki, da wata gaɓa mai laushin yashi a can kudu da ba a kai mata sai da ƙafa ko kwalekwale. Shigar da wasu baƙi ke yi a waɗannan wurare ba ta gidanmu ba ce. A ƙofar kogo da gidan zuhudu dai ba a barin kowa, mace ko namiji, sai ya rufe kafaɗa da gwiwa.

Daga kan ganuwa, ranar da sama ta yi garau, ana hango tsibirai maƙwabta. Na kudu shi ne Leros. Can ne gwamnatin soja da ta mulki Girka daga 1967 zuwa 1974 ta tsare 'yan siyasar da take ƙi, watau dabarar Domishiyan ba ta mutu tare da shi ba. A 2015 kuma mutum fiye da 800,000, yawancinsu masu gudun yaƙin Suriya da Afganistan da Iraƙi, har da 'yan Afirka, suka ƙetaro daga Turkiyya zuwa tsibiran Girka cikin kwalekwalen roba. Da yawa sun sauka a Samos da Kos da Leros, ɗaruruwa kuma ruwan nan mai kyaun gani ya cinye su, ciki har da yara ƙanana. Masuntan waɗannan tsibirai sun tsamo masu rai, sun kuma tsamo gawawwaki.

Daga ƙarshen Oktoba baƙi sukan watse. Kantunan sayar da tsaraba su rufe, a kwashe kujerun bakin ruwa, masu gidajen haya da yawa su tafi Atina. Jirage su ragu, in iska ta yi ƙarfi kuwa hukuma ta hana su tashi, sai Sikala ta yi kwana biyu ko uku ba wanda ya shigo, ba wanda ya fita. A lokacin ne ake tsinkar zaitun, ana gyaran jirage a kan tudu, awaki suna bin sabuwar ciyawa a kan Kasteli, ƙararrawar gidan zuhudu kuma tana kaɗawa tun da sauran duhu domin addu'ar asuba.